Guzurin Mutum Ɗaya

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku, in na gama in mayar muku da abinku. Ga ta nan gare ku, sai dai ku sani wannan ba tatsuniya ba ce. Abin da idona ya gani ne, hannuna kuma ya taɓa.

Duk asubar da na ɗaga marfin madambaci, tururi ya bugi fuskata, ƙamshin zogale da tsakin gero ya cika madafi, sai in gan ni 'yar ƙarama a gidanmu na Gangara, ina tsugune gefen murhu, Kakata tana fifita wuta da faifai. Uwar babana ce. Doguwa ce, marar jiki, kuma ba ta da yawan magana. Har ta koma ga Mahaliccinta ban taɓa ganin ta riƙe sanda ba.

A wancan zamani mazan gidanmu manoma ne da damina, matafiya da rani. Da an kai amfanin gona rumbu sai su ɗaura wa jakuna kaya su nufi Maraɗi da ƙafa, su dawo mana da kanwa da gishiri da dabino. To amma guzurinsu ba ranar tafiya ake fara shi ba. Tun ruwa na zuba Kaka take aikinsa. Za ta kore mu bayan gida mu tsinko zogale da rama da tafasa, ta baza su a tabarma cikin inuwa, don ta ce rana ɓarauniyar ganye ce, tana ɗauke masa launi ta ɗauke masa amfani. In sun bushe ta dura a tuluna ta toshe baki. Tsaki kuwa ta barza ta ajiye, ƙuli ta daka ta ajiye. Shi ya sa ranar da maza za su tashi ba ka ganin ta tana gaggawa. Kafin jakuna su gama shan ruwa dambu ya turaru, fura ta shiga gora.

Abin da ke ba ni mamaki a lokacin shi ne girman ƙwaryar guzurin. Ko babana shi kaɗai zai fita daga gidanmu, sai Kaka ta cika masa ƙwaryar da ni ban iya ɗagawa. Ni a tunanina na yarinya, maza ne Allah ya yi musu ciki kamar rijiya.

Wata shekara Baffana, ƙanen babana, ya yi aure. Amaryar yarinya ce mai tsabta da son mijinta. Da tafiyarsa ta farko ta zo, ta ce ita za ta yi masa guzuri da hannunta. Ta yi dambu mai kyau, ta auna daidai cikinsa, ta zuba a ɗan akushi, ta ƙulle da sabon ƙyalle. Kaka ta dubi ƙullin, ta dubi amarya, ta koma kan aikinta.

Da Baffa ya dawo, a kan jaki aka dawo da shi, ya rame, yana riƙe da ciki. Aka sauke kaya, sai ga ɗan akushin nan yadda aka ƙulle shi, ko kwance shi bai yi ba, dambun ya yi tsami. Ashe a zango ya sayi wani abin da bai san hannun da ya dafa ba, shi ya kwantar da shi. Amarya ta zauna tana kuka, tana cewa girkinta ne bai so. A nan ne Kaka ta buɗe baki.

"Ke ɗiyata, share hawayenki, ba girkinki ba ne. A zango ba a cin abinci a ɓoye. In ya kwance sai ya ce wa mutane bisimilla, in ya ce bisimilla kuma loma nawa ke ciki? Kunya ta hana shi. Guzurin mutum ɗaya gida yake dawowa."

Na ji wannan magana ina yarinya, na ajiye ta kamar yadda Kaka ke ajiye ganye a tulu, ban san ranar da zan buɗe ba.

Shekaru suka tafi. Aka kawo ni Jibiya aure, na haifa, na binne maigidana, na tsufa a ɗakin da nake yanzu. Jakuna suka ba motoci hanya. Ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, ya zama direban babbar mota, yana ɗaukar hatsi ya tsallaka iyaka ya dawo. Gidan nan kaf, da ni da matarsa da 'ya'yansa, bayan Allah a kan sitiyarin nan muke.

Kowa a gidan gudu yake. Ɗana ya fita tun duku-duku ba ko kurɓar koko. Surukata tana da shagon ɗinki a bakin kasuwa, ƙafarta ba ta sauka daga keke sai la'asar. Yara kuwa a miƙa musu na kashewa su tafi makaranta, su sayi biskit da zaƙin leda, da dare a jiƙa musu taliyar leda, minti kaɗan an gama. Ba lalaci ba ne, ku ji ni da kyau. Yarinyar nan ba malalaciya ba ce. Lokaci ne ya yi mata kaɗan.

Shi kuwa abincinsa a bakin iyaka yake. Ku da ba ku taɓa zuwa ba, motoci ne ke yin layi ana jiran takardu, nan kwastan, can duwan, wato kwastan ɗin Nijar, wani lokaci tun safe har rana ta karkata. Direbobi su zauna a bencin mai shayi. Shayi mai kauri, sukari har cokali ya tsaya, madara, burodi, soyayyen ƙwai, in zafi ya taso a kora da lemon kwalba mai sanyi. Yau haka, gobe haka. Ya yi ƙiba, mutane suna ce masa arziki ya zauna. Masallacin da ke bayan gidanmu ma sai a kan babur.

Sai ƙishirwa ta fara damunsa, tulu guda ba ya isarsa. Sai ya fara murza ido yana cewa hazo yake gani. Ranar da ya kusa hawa kan wani mai amalanke a hanyar Maraɗi, ranar ya yarda aka je asibiti. Surukata ce ta dawo ta durƙusa a ƙofar ɗakina.

"Inna, sun ce ciwon suga ne, kuma ya fara taɓa idon. Likita ya ce ga magani, amma in bai canja ci ba idon tafiya zai yi, sai ya ajiye mota."

Direba ba ido, me ya rage? Na ce mata, "To, mi suka ce ya ci?"

Ta lissafa mini: ganye da yawa, wake, gero ko dawa kaɗan, ban da sukari, ban da lemo, ya kuma riƙa taka ƙasa da ƙafarsa. Na ce a raina, ashe likita tulunan Kakata ya leƙa.

Yarinyar nan ta ɗaura ɗamara. Ta sayo 'yar kular abinci mai kyau, ta tashi da asuba ta dafa wake da alayyahu, ta auna daidai yadda aka ce, ta miƙa masa. Da yamma ya dawo, ta buɗe, abinci na nan yadda ta zuba. Washegari haka. Ta canja, ta yi kwaɗon zogale. Ya dawo da shi ya yi yami. Ta tambaye shi, ya ce aiki ne ya yi yawa ya manta. Amma kwalaben lemo suna nan ƙarƙashin kujerar motar, kuma ya fara kiran babbar jikata ta karanta masa lambar waya, shi da yake hango akuya tun daga nesa.

Wata safiya na iske ta a madafi tana wanke 'yar kular tana share ido da gefen mayafi.

"Inna, na rasa yadda zan yi. Ko dai girkina ne ba ya so? Ki yi masa magana mana, ke zai ji."

Ni da ɗan fari akwai kunya, ban saba zaunar da shi in yi ta faɗa ba. Amma da na ji ta ce girkina ne ba ya so, sai na ji kamar amaryar Baffa ce ke kuka a gabana. Na karɓi 'yar kular na juya ta a hannuna. Ko cikin yaro ba za ta wuce ba.

Na ce, "Su nawa ke zama a bencin nan?"

Ta ce ba ta sani ba, amma suna da dama.

Na ce, "To ajiye wannan. Shiga ɗakina, ƙarƙashin gado akwai babbar roba mai marfi ta bikin suna, ɗauko."

Ta zaro ido. "Inna, likita ya ce kaɗan zai ci!"

"Kaɗan zai ci. Wa ya taɓa ƙoshi ya wuce kima da hannuwa da yawa a kwano?"

Ta ce to lokacin fa, ita da ke buɗe shago da safe? Na ce wannan ma an riga mu sanin maganinsa. Ranar Juma'a da ba ta ɗinki, muka kai gero inji aka barzo tsaki mai yawa, muka daka ƙuli, muka gyara zogale muka baza a inuwa, muka tsince wake. Yaran ma na sa su, kowa da faifansa. Na ce mata aikin mako a yi shi rana guda, sauran kwanaki turarawa ce kawai, ni kuma asuba ba ta taɓa samuna a kwance ba.

Ranar farko da ya ga robar ya tsaya a tsakar gida.

"Inna, wannan fa? Sadaka za ni rabawa?"

Ban dube shi ba. Na ce wa jikata, "Gaya wa babanku ya ɗauka. In ta dawo da abinci a ciki, ni ma na bar cin na gidan nan."

Ya ɗauka yana gunaguni.

Abin da ya faru a bakin iyaka ba daga bakinsa na ji ba. Da magariba aka yi sallama, wani abokin aikinsa ne mutumin Maraɗi, dattijo mai furfura a gemu, ya shigo riƙe da robar, ya cika ta da albasa, don ba a mayar da kwano wayam. Ya tsuguna daga nesa muka gaisa, yana ta dariya.

"Inna, da ya buɗe sai da muka yi mishi ature. Muka ce Alhaji, yunwa ta faɗo gidanku ne, ka koma cin ganye kamar akuya? Ya ce ku dai bisimilla. Wallahi Inna, na kai loma guda sai na tuna gida. Rabona da wanga dambu tun uwata na da rai. Kafin ka ce mi, har mai shayi ya baro tukunyarsa ya sa hannu."

Na ce, "Shi fa, ya ci?"

"Ya ci, da kyar ya samu rabonsa. A nan ne ya faɗa muna zancen idon. Mu ba mu sani ba, Inna! Da mun sani wa zai bari ya taɓa lemo? Na riga na gaya wa mai shayi, duk ranar da ya sa mishi sukari, ni da shi ne."

Kun ji inda maganar take. Mutanen da yake jin kunyar buɗe abinci a gabansu, su ne suka koma masu gadinsa. In layi ya yi tsawo, dattijon nan ya tashe shi su taka har masallacin can gaba su dawo. Ni kuma a gida na sa aka jingine babur, na ce ƙafar da Allah ya ba shi ba ado ba ce.

Da yake tukunya guda ce, abin da aka turara na hanya shi ake ci a gida. Yara sun yi bore da farko, ƙaramin har ya kwana biyu yana kumbura baki yana kiran taliya. Na ce ya yi ta kumbura, yunwa ba ta san fushi ba. Ban hana su zaƙi ɗungurungum ba, ranar kasuwa a saya musu, amma ba shi ne abinci ba.

Ba zan ce muku komai ya koma yadda yake ba, don ban saba ƙarya ba. Abin da ciwon ya ci na idon ya ci. Amma da suka koma asibiti likita ya ce ya tsaya inda yake, bai ƙara gaba ba.

Kakata tana kwance a Gangara, Allah ya haskaka kabarinta. Baffa ya bi ta da daɗewa. Amaryarsa ta tsufa ta zama wadda ake kira in za a yi guzurin mahajjata, kuma ba ta sake ƙulla ɗan akushi ba. Dattijon Maraɗi ya bar tuƙi bara, ɗansa ya karɓi motar, amma har yau albasarsa ba ta yanke mana ba. Mai shayi, an ce yanzu sai ya tambayi mutum kafin ya zuba sukari. Surukata tana nan kan kekenta, Juma'a kuma tabarmar ganye ba ta naɗuwa a gidanmu. Ɗana yana shan maganinsa, ya sa tabarau, ya bar tuƙin dare, amma sitiyari na hannunsa.

Ni kuwa gwiwa ta fara gardama, asuba tana yi mini nauyi. Shi ya sa na fara tsugunar da babbar jikata gefen murhu, inda na tsuguna a da. Jiya ta ɗaga robar da kyar, ta ce, "Kaka, Baba shi kaɗai zai cinye duk wannan?"

Na ce, "Ƙara ludayi guda. An ce akwai sabon direba a layin."

Nan na kawo, nan na sauke. Ga kunnuwanku, na mayar.