Manhajar Bara a Wayar Malam Sabo

A duk shekarun da na yi ina kula da rumbun bayanai, ranar da ta ƙi barin raina ita ce wadda aka kira Malam Sabo ofishinmu na Hunkuyi don a sallame shi. Ku da kuka zo bayanmu, gara ku ji daga bakina.

Lokacin muna rajistar manoma a Ikara, Makarfi da Kudan saboda rabon iri. Ma'aikaci zai je gona da waya, ya cike sunan manomi a manhaja, ya turo. Ni kuma ina gaban kwamfuta ina duba abin da ya shigo rumbu, wato babbar ma'ajiyar sunayen. Wanda bai shiga ba, ba shi da iri. Takardar jagorar aikin ni na rubuta ta, kuma a lokacin gani nake ba wanda ya kai ni iya bayani.

Sati uku kowace mazaɓa na turowa, Gazara shiru, ko suna ɗaya. Malam Sabo ke riƙe da ita, tsohon malamin gona ne, a haife ya haife ni. Oganmu ya gama yanke hukunci tun kafin ya iso: dattijo ya samu inuwa ya zauna.

Ya shigo ya fara gaisuwa, ina gajiya, ina iyali, oga ya katse shi.

"Malam, ina aikinmu?"

"Ranka ya daɗe, na tura. Kullum sai wayar ta nuna mini koriyar alama."

"Rumbu ba ya ƙarya," in ji oga.

Malam Sabo ya juyo wajena ya miƙo wayar da hannu biyu. "'Yata, duba mini don Allah. Da furfurata ba zan fara ƙarya ba."

Na buɗe. Ga sunaye nan reras, gona bayan gona. Amma fuskar manhajar ta bara ce. Na ce, "Baba, a ina ka samo wannan?"

"Ai sabis ba ya zama a wajenmu. Wani abokin aiki na Janfalan ya tura mini daga wayarsa, da muka haɗu wajen bikin suna."

Haka kuwa ake yi, ni ma na sani. Wa'azi, karatu, hotuna, duk daga waya zuwa waya suke yawo, ba mai ɓata data. Abokin nasa yana da ta bara da ta bana, ya tura wadda hannunsa ya fara taɓawa. Ita ta bara ba ta ɗaukar alamar wurin da gona take, sabon rumbu kuma duk sunan da ya zo babu wannan, watsar da shi yake ba ko sallama. Koriyar alamar tana nufin saƙo ya bar waya ne kawai.

Sai Malam ya zaro takardar jagora daga aljihu, ta yi laushi don ninkewa. Ya nuna layin da ya ja wa biro: "Rumbu yana karɓar bayani daga manhajar rajista." Babu ta wace shekara, babu lamba. Na san manhajar iri biyu ce, na ɗauka kowa ya sani.

Ba zan ɓoye muku ba, na so in yi shiru. Oga bai fahimci komai ba, da na ce laifin waya ne da an wuce wurin. Amma dattijon na tsaye da takardata a hannu. Na ce, "Yallaɓai, ya bi abin da na rubuta. Ni ce ban rubuta daidai ba."

Oga ya ce, "To gyara." Ya ɗauki makullin mota ya fita. Haƙuri bai ba kowa ba.

Gyaran bai ci minti goma ba. Na rubuta lambar manhajar da rumbu ke karɓa da wadda ba ya karɓa, da inda za a ga lambar, da cewa kada a karɓa daga wayar wani. Malam Sabo kuwa sai da ya sake bin gonakin ɗaya bayan ɗaya a kan babur, ga ruwa ya riga ya sauka. Wasu sun samu iri a makare, wasu sun shuka nasu na gida suna cewa ya cinye sunayensu.

Ranar da ya gama, ya zo ya ajiye katin aikinsa a teburina.

"Baba, ai an wanke ka."

"A ofis aka wanke ni, 'yata. A Gazara nake kwana."

Bai sake karɓar aikinmu ba. Har yau abin na ci mini rai, kuma na gaji da ganin ana maimaita shi. Mu na ofis kuskurenmu layi ɗaya ne, mu goge mu sake. Wanda ke fili shi ke kai shi ƙofar mutane da fuskarsa. Don haka in za ku rubuta jagora, ku rubuta wa mutumin da zai yarda da kowace kalma, wanda ba shi da sabis ɗin da zai kira ku ya tambaya.