Mun Kai wa Masu Shanu Madara

Jama'a, yau na gaji har ƙashina!

Cocinmu ya samu katan goma na madarar gari daga Turai, muka ɗauka sai wata ruga bayan Maikunkele. Mota ta kafe a taɓo, muka ƙarasa da kaya a ka.

Wata tsohuwa ta dama, ta kurɓa, ta yamutsa fuska. Ta dube mu da tausayi: "Wayyo 'ya'yana, abin da kuke sha ke nan?"

Fasto ya ce, "Inna, ku muka kawo wa."

Ta ce, "Mun gode. Ku kai wa marasa shanu."

Muka juyo da katan gomanmu cif, ga ƙwaryar kindirmo sadaka. Ita ma ni na ɗauko!