Kwanan Wata a Ƙasan Shafi

Ɗalibai suna kiransa Ina-Hujja, ya kuma san da sunan, bai dai taɓa nunawa ba. Ɗan telan barikin soja ne. Ya tashi yana tsinto wa babansa maɓalli a ƙarƙashin keken ɗinki, yana jin hirar sojojin da ke jiran a ɗinka musu igiyar muƙami. Ya so kaki kamar ransa, raunin ido ya hana shi. Sai ya faɗa jami'a, ya yi shekara ashirin da shida yana koyar da harkar tsaro. Taurin kai kam Allah ya ba shi. Ka kawo masa rubutu babu ranar da ka yi hira da mutum, zai ja maka jan biro daga sama har ƙasa, ko ɗan waye kai.

To, wannan tsantsenin ne ya kusa jefa wani bawan Allah cikin masifa.

Malam ya buga takardar bincike a kan sojojin da ke gadin wata gada, wata uku ba a canza su ba, na'urar maganarsu ba batir. Wani saje ne ya ba shi labarin a bayan shagon faci, bayan Malam ya rantse sunansa ba zai fita ba. Bai kuwa fita ba. Amma a ƙasan shafi na sha ɗaya ya rubuta yadda ya saba: hira da wani saje, ranar kaza ga watan kaza.

Ran Talata da hantsi wani manjo ya shigo ofishinsa, tsohon ɗalibinsa ne. Ya gaishe shi da ladabi, ya tura ƙofa, ya ƙi zama.

"Malam, an ba ni aikin nemo sajen nan."

"Ba za ka ji daga bakina ba."

"Ai ba sai ka faɗa ba. Kai ka koya mana a fara karatu daga ƙasan shafi. Ranar da ka rubuta, mutum biyu aka ba izinin barin gadar. Ɗaya kofur ne."

Sajen nan 'ya'yansa huɗu, saura shekara biyu ya ajiye aiki, ga kotun soja tana jiransa.

"Gobe ƙarfe goma zan miƙa rahoto," in ji manjon, idonsa a kan fanka. "In ranar daidai ce, ba ni da yadda zan yi. In kuwa marubucin ya ce bai tabbata da ita ba, a rubuce, da sa hannunsa, to ba ni da hujja."

Da azahar Malam ya koma gida, abinci ya ƙi shiga. Takardunsa na zama farfesa suna hannun masu tantancewa, wannan takardar ce a sama. Malamin da ya furta da kansa cewa bayanansa ba tabbas, ya san inda maganarsa take ƙarewa.

"Shekara tara fa kana jira, Baban yara," in ji matarsa.

"Na sani."

"Shi mutumin, ya roƙe ka ka sa ranar?"

Haushin kansa ya kama shi har wuya. Littafin da yake rubuta hirarraki yana cikin jakarsa, ranar tana nan ɓaro-ɓaro, daidai take, ko kusa bai yi kuskure ba.

Washegari tara da rabi manjon ya dawo. Malam ya miƙa masa wasiƙa mai layi huɗu: ya haɗa hirarraki da dama, ya rikita ranaku, ba za a dogara da shafi na sha ɗaya ba. Manjon ya karanta, ya sake karantawa, sannan ya mayar masa da ita da hannu biyu.

"Malam, ba ka sa kwanan wata ba."

Ina-Hujja ya ɗauki biro. Ya kalli takardar, ya ce, "Yau nawa ga wata?"