Goran da na liƙe da ƙaro

A shekarar da aka gano gubar dalma a Sunke da Duza, har aka riƙa kankare ƙasar tsakar gidaje ana zubarwa, a ranin nan na fara shiga gasar su, wato kamun kifi. A wani tafki ne wajen Gummi. Ban sake shiga ba.

Ni mutumin allo ne. Abin da ya kai ni homar mahaifina ce, Allah ya jiƙansa, ragar kamun kifi wadda ya saƙa da hannunsa. Na so in jiƙa ta ko sau ɗaya, kada ta ruɓe a rataye.

Da labari ya bazu a Anka, kowa ya zama masunci. Mai faci ya ce in bi gefen gabas. Wani da ko a kwano bai iya cire ƙayar tarwaɗa ba ya ce in nufi tsakiya. Wanda ya fi su baki shi ne taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina, wanda iyakar saninsa da ruwa alwala, ita ma a gurguje. Ya ce duk masuntan Bukkuyum sun san shi. Na zauna ina rubuta maganarsa da ajami kamar mai ɗaukar karatu.

Goran da zan hau in yi iyo a kai, kamar sauran masunta, yana da ƴar tsaga. Na nuna masa. Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Malam, wanga ai ba komi ba ne. Ba kana da ƙaron tawada ba? Liƙe shi."

Na liƙe. Ni da na shekara talatin ina wanke allo, ina ganin yadda ƙaro ke narkewa da ruwa ya taɓa shi.

Da Sarkin Ruwa ya ba da izini muka ruga. Ban kai tsakiya ba na ji goran yana nauyi a ƙarƙashin cikina. Ya sha ruwa, ni ma na sha. Sai da na saki homar sannan wani masunci ya samu ya jawo ni ta wuyan riga. Taubashina kuwa yana kan tudu, a inuwa, yana cin rake. Takardar shawarwarinsa ta fito daga aljihuna fara fat. Homa ba a sake ganinta ba.

Ban zage shi ba. Na daina yi masa wasa kawai. In mun haɗu sai in gaishe shi da ladabi, in tambayi iyali, kamar baƙo. Ga taubashi babu abin da ya kai wannan ciwo. Inna, mahaifiyata, ta yi magana har ta gaji.

Bara, bayan sallar la'asar, ya shigo zaurena da wani abu a buhu. Ya ce damina biyu yana zuwa wurin wani tsoho yana koyon saƙa. Ya zazzage, sai ga homa. Idanun ragar ba biyu da suka yi daidai, wani ma akuya za ta wuce ta ciki. Ya tsaya yana kallon ƙasa.

Na daɗe ina juya ta. Sannan na ce, "Kai wawa, da wannan kifi za a kama ko kabewa?"

Ya zauna a kan buzuna ba tare da izini ba, ya jawo kwanon furata.