Ƙugiyar da Ta Kusa Cinye Sakamakon Yara

Wasu shekaru can baya, ni da wani abokina ɗan Gbagyi da ke zaune a unguwar Sauka Kahuta muka samu aikin ɗora sakamakon jarrabawar makarantu shida a girgije, wato kwamfutocin haya na intanet. Kowace makaranta sai mun rubuta mata doguwar takardar tsari da hannu: ga sabarta, wato kwamfutar da za ta yi mata aiki, ga rumbun bayananta. Waƙafi ɗaya ya ɓace, aiki ya dawo ɗanye.

Sai abokina ya gano ana iya rubuta ɗan gajeren kod da yaren kwamfuta, kod ɗin ya haifo takardun da kansa. Ranar da na ga layi talatin sun zubo da tsarin makarantu shida cikin ƙiftawar ido, tsalle na daka har kujera ta kife! Mahaifiyata ma sai da na ba ta labari, ta ce, "To, Allah ya sa albarka," ba tare da ta gane ko ɗaya ba.

Ana gobe iyaye za su fara duba sakamako, ina shafa kod ɗin kamar sabon babur, sai na ga abokina ya sa wa rumbun suna "dalibai". Ni Bahaushe ɗan Tudun Wada, da kullum nake tsokanarsa kan "kofa" da "daki"? Nan take na sa wa harafin ƙugiyarsa, na kai hannu zan tura.

"Tsaya, Malam!" ya ce. "Duba me zai canja tukuna."

Na duba don kawai ya bar ni. Jan layi shida, alamar abin da za a goge. Ashe a wurin na'urar sabon suna sabon abu ne: za ta rushe tsofaffin rumbunan, ta gina sababbi fayau. Harafi ɗaya, makarantu shida, makin kowane yaro. Na janye hannuna.

Abokina ya yi dariya har da dukan tebur. "Gyara Hausa na a baki na, Malam. Na kwamfuta, bar shi haka."

Na cire ƙugiyar da hannuna. Washegari iyaye suka ga sakamakon 'ya'yansu lafiya lau.

Har yau wannan aiki yana burge ni kamar ranar farko, sai dai ba na turawa sai na duba. Kuma a duk duniya wuri ɗaya ne nake ganin "dalibai" in ce masa sannu da aiki.