Fitilar Baba a Hoton Yaya

A daminar da na gama sakandare, yayana ya bar keken ɗinki ya kama ɗaukar hoto. Baba tela ne a unguwar Laranto a Jos, kuma akwai wani ɗan ɗaki a gefen shagonsa da Yaya yake so a ba shi ya buɗe situdiyo. Baba bai hana ba. Cewa ya yi a kawo masa hoto ɗaya wanda zai sa ya ajiye almakashi ya duba. In babu, keke na nan yana jiran mai shi.

Yaya ya kusa ƙarar da fim ɗinsa a kan awakin maƙwabta da kuma ni, kullum idona a rufe. Da ya rage ɗauka ɗaya, sai ya ce garin zai ɗauka, da dare, cikin hazo.

Wata rana aka wuni ana yayyafi. Bayan isha'i muka hau dutsen bayan unguwarmu, shi da kyamara da ƙarfenta mai ƙafa uku, ni da lema don kada raɓa ta taɓa gilashin. Jos na kwance a ƙasanmu kamar an lulluɓe ta da farin mayafi. Fitilun titi sun kumbura sun yi laushi, hasumiyar masallaci ta leƙo da kanta kaɗai. Na ce masa garin ya yi kama da mai barci yana murmushi.

"Riƙe lemar dai," in ji shi. "Da dare kyamara ba ta ƙifta ido. Buɗe shi take ta bari, haske ya riƙa taruwa kamar ruwan indararo a bokiti. Kada ki motsa, kada ki yi tari, kada ki fara waƙoƙin nan naki."

Ya danna, ya kulle, muka yi tsit.

Sai ga haske yana hawowa dutsen, yana lilo. Baba ne da fitilar ƙwai, sanye da suwaita a kan jamfa. Ashe ya dawo daga masallaci aka ce masa 'yarsa tana kan dutse cikin sanyin nan.

Ya yi sallama, ya tsaya daidai gaban kyamarar. Na kalli Yaya. A gidanmu ba a taɓa cewa Baba ya matsa ba, ko a zaure, balle a kan dutse. Yaya ya durƙusa.

"Barka da dare, Baba."

"Yauwa. Ita ce wannan?" Ya ɗaga fitilar ya haska kyamarar, ya sauke ya duba ƙafafunta, ya zagaya ya haska fuskata, ya koma. "To, yaushe za a ɗauka?"

"Ana kan ɗauka, Baba."

"Ban ji ƙara ba."

"Ba ta ƙara, Baba."

"Madalla. Sai a hanzarta, yarinyar nan za ta yi mura."

Washegari na sami Yaya yana share ƙurar keken ɗinkinsa.

Ni na matsa masa ya wanke fim ɗin. Garin ya fito, fari, mai laushi, fiye da yadda na gan shi da idona. Amma a tsakiyarsa akwai wani zaren haske da ya taso daga ƙasa, ya hau, ya sauka, ya yi madauki, ya fice ta gefe. Na ɗauki hoton na kai shago, Yaya na bina a baya kamar za shi gaban alƙali.

Baba ya ajiye almakashi. Ya daɗe yana dubawa.

"Wannan zaren fa?"

"Fitilarka ce, Baba," na ce.

"To ina nake?"

"Ba ka tsaya wuri ɗaya ba, shi ya sa ba ka fito ba."

Ya bi zaren da ɗan yatsa, a hankali, kamar yana duba aikin wuyan riga. "Hannuna bai yi rawa ba," ya ce. Sannan ya juya wajen Yaya, wanda bai taɓa kiran sunansa ba saboda ɗan fari ne. "Kai, kyamarar da uban mai ita zai tsaya a gabanta ta kasa ganinsa, ai tana bukatar ɗaki ta zauna ta koyi aiki." Ya miƙa masa makulli.

Hoton kuwa bai shiga situdiyo ba. Baba ya rataye shi a saman kekensa, duk wanda ya kawo ɗinki sai ya nuna masa ya ce, "Ka gan ni nan."