Motar da Ta Ce Tana Jin Sanyi

Wata Asabar ce cikin bazarar shekarar da na shiga aji biyar, rana tana dukan ƙasa har ana jin zafin ta cikin silifas. Ina tsaye a wani gareji a Nasarawa, cikin Birnin Kebbi, maza sun kewaye motar Baba. Mai kwamfuta ya jona wata 'yar na'ura a ƙarƙashin sitiyari, rubutun Turanci ya fito. Shi lamba kawai ya iya dubawa, don haka Baba ya turo ni gaba da alfahari. "Karanta muna, ɗiyata. Mi ta ce?" Na bi kalmomin da yatsa, na sake bi, sannan na ce, "Wai injin yana jin sanyi." Garejin ya kwashe da dariya, har wani ya ajiye sifanarsa don ya ji daɗin yin ta.

Motar nan ita ce abincinmu. Baba ya bar noman fadama ya sayo ta 'yar Kwatano, yana jigilar mutane da buhunan albasa tsakanin Argungu da Birnin Kebbi. Tun da ta zo ta zama babbar 'yar gida. Da ita muke fara aikin safe: ni in ɗebo ruwa a rijiya, ƙannena su wanke taya da tsumma suna faɗa kan wanda zai danna ham, Inna tana korar awaki kada su yi mata tsalle a bonet. Ranar da aka kawo ta, Kawu Sani bakanike, aminin Baba, ya yi mata abin da ake yi wa kowace baƙuwar mota. Ya cire wani ɗan ƙarfe da suke kira tamosta, ya haɗa fanka ta riƙa juyawa ba tsayawa. "Don ƙasar ƙanƙara anka yi shi," in ji shi. Ya miƙo mana ƙarfen, muka yi wasan 'yar tsana da shi, a matsayin tukunya, har ya ɓace a bayan rumbu.

Ba a jima ba wata fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban direba. Mota ta shiga shan mai kamar raƙumi ya iso mashaya, tana fitar da baƙin hayaƙi, fulogi yana yin baƙi ƙirin. Kawu Sani ya kasa kunne, ya shinshina, ya wanke wannan ya canza wancan. Baba ya fara dawowa gida ba tsarabar ƙuli-ƙuli, daga baya kifi ya janye jiki daga miya. Shi ya sa ranar muka nufi wurin mai kwamfuta, kowa na cewa kwamfuta ba ta ƙarya.

Sai ga shi ta faɗa da bakina, an yi mini dariya. Mai kwamfuta ya share hawaye ya ce, "Malam Umaru, sanyi cikin bazara? Ko dai yarinya ba ta kai wurin a boko ba." Baba bai yi dariya ba, ya dai kalle ni, kallon mai roƙon in sake dubawa ko wani abu zai fito. Na sake dubawa, rubutu bai canza ba. Na san abin da na karanta daidai ne, amma ban san me yake nufi ba, kuma babu wanda ya sani. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mai kwamfuta ya danna wani maɓalli, fitila ta mutu, ya ce an gama. Kafin mu hango Argungu ta sake kamawa. Baba ya tsaya gefen hanya, ya yanki baƙin salatef ya liƙe fitilar, ya ja mota muka wuce gida.

Kafin ruwa ya sauka aka sayar da motar. Baba ya koma ƙwadago a gonakin shinkafar mutane a Gulma, da fartanyar aro. Da safe mukan fito da bokiti bisa sabo, mu tarar da fili da ɗigon baƙin mai.

Yau ni ce mai kwamfuta a wani gareji a Gwadangaji. Na san inji yana da zafin da yake so, kuma ɗan ƙarfen nan shi ke tsare ruwan sanyaya inji har injin ya kai wannan zafin. In an cire shi, ƙwaƙwalwar mota takan ɗauka kullum asubahi ce, ta yi ta ɗura mai. Duk sanda rubutun nan ya fito mini, sai in sa a mayar da tamosta, mai mota ya tafi yana godiya. Baba bai ga wannan zamanin ba. Ashe maganin motarsa yana bayan rumbunmu, ɗan ƙarfen nan da na riƙa dafa tuwon ƙasa a ciki.